Gani Ya Kori Ji: Kaurin Tsokar Zuciya da Tsukewar Bawul a Gari Irin Illela

Gabatarwa

Illela gari ne na kan iyaka, mai nisan kilomita 80 da 'yan kai arewa da birnin Sakkwato, kuma tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar bai wuce 'yan kilomitoci ba. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutum fiye da 150,000, ban da fatake da masu dabbobi da ke cika kasuwarta kowace Lahadi. A cikin jama'a mai wannan yawa ba a rasa masu ciwon zuciya. Abin da ake rasawa shi ne sanin wane irin ciwon zuciya ne ke damun kowannensu, domin likitocin zuciya da kayan aikinsu sun fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa na birane.

Cikin cututtukan zuciya akwai guda biyu da suka yi kama da juna ƙwarai, wato kaurin tsokar zuciya da kuma tsukewar bawul ɗin da jini ke fita ta cikinsa. Duka biyun suna sa haki da ciwon ƙirji da jiri ko suma. Duka biyun suna ba da wata ƙara mai kama da huci idan likita ya kara abin sauraro a ƙirji. Wani lokaci ma sukan haɗu a zuciya ɗaya. Amma maganinsu ya sha bamban, har abin da ke taimakon wani mai haki yana iya kayar da wani. Saboda haka ra'ayin wannan maƙala shi ne, abin da garuruwa irin Illela suka fi buƙata da gaggawa a wannan fanni shi ne hanyar ganin zuciya kafin a ba ta magani, kuma makarantun sakandare suna da nasu kason a cikin wannan aiki.

Yadda zuciya ke aiki

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita, nauyinta a jikin baligi tsakanin giram 250 zuwa 350. Tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini da dare, tana tura jini wajen lita 5 a kowane minti idan mutum yana hutawa. Ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, da bawul huɗu masu hana jini komawa baya, kamar dai bawul ɗin injin ban ruwa da manoman albasa ke aiki da shi a fadama. Ɗakin da ya fi kowanne shan aiki shi ne na ƙasa ta ɓangaren hagu. Jini yana shigo masa ta bawul ɗin mitiral, sa'an nan ya matsa shi ya fita ta bawul ɗin awota zuwa babbar jijiyar awota, wadda ke rarraba shi ga ƙwaƙwalwa da sauran jiki. A lafiyayyen baligi kaurin bangon wannan ɗaki yana tsakanin milimita 6 zuwa 11, faɗin bakin bawul ɗin awota kuwa murabba'in santimita 3 zuwa 4.

Kowace tsoka tana kauri idan aka ɗora mata aiki, kamar yadda ake gani a damtsen maƙeri ko cinyar ɗan kokawa. A zuciya wannan kauri yana da iyakar amfaninsa. Mai karatu ya ƙaddara ɗakin ƙasa ne ake yi wa yaɓe ta ciki shekara bayan shekara: bango zai yi ta kauri, ɗakin kuwa ya yi ta ƙanƙancewa. Haka zuciya mai kauri take. Ba ta saki sosai tsakanin bugu da bugu balle ta cika da jini, ga shi kuma tsokar da ta ƙaru tana neman iskar oksijin fiye da wadda jijiyoyinta za su iya kawo mata. Daga nan haki da ciwon ƙirji ke tasowa.

Manyan abubuwan da ke jawo wannan kauri guda uku ne. Na farko, wanda ya fi yawa a Afirka, shi ne hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba. Na biyu shi ne tsukewar bawul ɗin awota, inda tsoka ke fama da ƙofar da ba ta buɗewa sosai. Na uku gado ne, inda tsokar ke kauri ba tare da an ɗora mata wani nauyi ba.

Abin da ke tsuke bawul

A ƙasashen Turai da Amurka, yawancin masu tsukewar bawul ɗin awota tsofaffi ne da suka haura shekara 65, waɗanda sinadarin kalsiyam ya taru a bawul ɗinsu har ya sandare. Akwai kuma mutum 1 zuwa 2 cikin ɗari da ake haifa da bawul mai kunne biyu maimakon uku, kuma irin wannan yakan riga sauran lalacewa. A ƙasar Hausa akwai sanadi na uku wanda ya fi shafar ɗalibai kai tsaye, wato zazzaɓin rumatik.

Mafarinsa ciwon maƙogwaro ne da wata bakteriya mai suna siteraptokokus ke haddasawa, galibi ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a kashe ta da penisilin ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yaran takan yi kuskure ta afka wa gaɓoɓinsu da bawul ɗin zuciyarsu. Yaro ya yi zazzaɓi da ciwon gwiwa ko idon sawu mai yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, a ce sanyin ƙashi ne ko zazzaɓin cizon sauro, ya warke a manta. Bawul kuwa bai manta ba. Duk dawowar ciwon yana ƙara masa tabo, har bayan shekaru ya riƙa yoyo ko ya tsuke. Bawul ɗin mitiral ya fi kamuwa, na awota yana bi masa. Kai yaro mai ciwon maƙogwaro wurin wanzami a cire masa belu ba ya kashe wannan bakteriya.

Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta 2019 ta nuna mutum wajen miliyan 40 ne ke da wannan ciwo, kuma yana kashe fiye da 300,000 a shekara. Wani bincike mai suna REMEDY da aka buga a 2015 ya duba majiyyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12, ciki har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kashi biyu cikin uku mata ne. Watau a wannan nahiya ciwon bawul ciwon samari da 'yan mata da masu haihuwa ne.

Kaurin da ake gada

A 1958 wani likitan binciken gawa a Landan, Donald Teare, ya ba da rahoton mutum takwas, yawancinsu matasa da suka yi mutuwar fuju'a, waɗanda ya tarar bangon tsakiyar zuciyarsu ya yi kauri fiye da kima. A 1990 masu bincike a Jami'ar Harvard suka gano kuskure na farko a ƙwayar gado mai haddasa wannan ciwo, kuma kuskuren yana cikin umarnin gina sinadarin mayosin, wanda shi ne ke sa tsoka ta matse. Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da HCM. Ana zarginsa idan kaurin bango ya kai milimita 15 ba tare da wani dalili ba, ko milimita 13 idan an san akwai shi a dangi.

Ƙwayar gado ɗaya daga uwa ko uba ta isa ta kawo shi, don haka kowane ɗa na mai ciwon yana da rabin yiwuwar gadonsa. Ba sai an yi auren zumunci ba, kuma ya bambanta da sikila, wadda sai an gado daga iyaye biyu. Wani bincike na 1995 a Amurka ya same shi a jikin mutum 1 cikin 500. Idan aka auna jama'ar Illela ta 2006 da wannan ma'auni, lissafi zai ba da mutum wajen 300. Yawancin masu shi suna rayuwa har tsufa, wasu ma ba tare da wata alama ba. Kaɗan daga cikinsu ne bugun zuciyarsu ke rikicewa farat ɗaya su faɗi.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun san misali biyu. Ranar 26 ga Yuni, 2003, ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya faɗi a fili a birnin Liyon na Faransa ana tsakiyar wasa da Kolombiya, ya rasu yana da shekara 28, kuma binciken gawarsa ya nuna kaurin tsokar zuciya. Shi kuwa Nwankwo Kanu, a 1996, bayan ya ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, likitocin ƙungiyar Inter Milan sun duba zuciyarsa suka ga lahani a bawul ɗinsa na awota. Aka yi masa aiki a Kilibland ta Amurka, ya koma fili a 1997, ya yi shekaru fiye da goma yana wasa. Ajali na Allah ne. Amma a cikin sababai, an ga ciwon ɗaya yana raye, na ɗayan kuwa sai bayan ya rasu.

Kama da wane ba ta wane

Rikita waɗannan cututtuka biyu ya faru har ga manyan masana. A 1957 Russell Brock, shahararren likitan fiɗa na asibitin Guy's a Landan, ya ba da labarin yadda ya shiga aiki da nufin buɗe tsukakken bawul ɗin awota, sai ya tarar bawul lafiya lau yake, tsokar da ke ƙarƙashinsa ce ta yi kauri ta tare hanya.

Misalin zaure zai fayyace wannan. Mutum zai iya kasa fita daga zaure don ƙyaure ya ƙi buɗewa sai kaɗan. Wannan ita ce tsukewar bawul, kuma matsatsinta ɗaya ne safe da yamma. Zai iya kuma kasa fita don bangon da ke dab da ƙofa ya yi ciki ya shigo hanya, ga kuma labule da iska ke jawowa ya ƙarasa toshe sauran wurin. Haka kaurin gado yake yi: bangon tsakiya ya tsuke mafita, sa'an nan gudun jini ya jawo kunnen bawul ɗin mitiral ya manna shi da bangon. Wannan toshewa tana ƙaruwa tana raguwa. Takan tsananta idan jinin da ke cikin ɗakin ya ragu, ko zuciya ta yi sauri, ko ta matsa da ƙarfi. Kimanin kashi biyu cikin uku na masu kaurin gado suna da ita, ko dai suna zaune ko kuwa sai sun motsa jiki.

Ƙwararren likita yana da dabarun rarrabewa da kunne da yatsa. Ƙarar tsukakken bawul tana hawa zuwa jijiyoyin wuya, bugun jijiyar hannu kuma ya zo a hankali ba ƙarfi. Idan majiyyaci ya tsuguna ya miƙe tsaye, ƙarar kaurin gado takan ƙaru, ta bawul kuwa ta ragu. Sai dai waɗannan alamu ba sa yanke hukunci, musamman idan cututtukan biyu sun haɗu.

Haɗuwar tasu ita ce mafi wuyar sha'ani. Dattijo mai tsukakken bawul zai iya kasancewa yana ɗauke da kaurin gado tun ƙuruciya, ko kuwa bawul ɗin da hawan jini su kaurara masa bangon tsakiya har ya tare mafita. A nan shingaye biyu ne a jere, kuma na gaba yana ɓoye na baya. Idan aka sauya bawul ba a lura da tsokar ba, zuciyar da ta saba turawa da ƙarfi sai ta matse har mafitarta ta rufe, jini ya faɗi warwas bayan aikin da ake zaton an yi nasara. Don haka likitocin fiɗa sukan auna kowane shinge daban tun kafin aiki, kuma in ta kama su fere tsokar a lokacin da suke sauya bawul. Abin da ke taimaka musu shi ne siffar kaurin: wanda bawul ya jawo yakan zagaye bango daidai wa daida, na gado kuwa yakan fi taruwa a bangon tsakiya, ya wuce abin da tsukewar bawul za ta iya jawowa, kuma sau da yawa akan sami labarinsa a dangi.

Maganin wani gubar wani

Likitocin arewacin Nijeriya sun fi sabawa da wata irin zuciya dabam, wadda ta saki ta buɗe ta rasa ƙarfi. A 1978 Davidson da Parry sun ba da rahoton mata 224 masu irin wannan ciwo bayan haihuwa a Zariya. A 2007 Isezuo da Abubakar sun same shi a haihuwa 1 cikin 102 a wani babban asibiti na Sakkwato, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Ga mai irin wannan zuciya, maganin sa fitsari kamar Lasix, da magungunan buɗe jijiyoyi, wani lokaci da digozin mai ƙara ƙarfin matsa, suna kawo sauƙi.

Matsalar ita ce hakin iri ɗaya ne. Idan mai kaurin gado da toshewar mafita ya je kemis aka ba shi waɗannan magunguna don an ga sun yi wa maƙwabciyarsa aiki, to an ƙara masa ciwo. Maganin fitsari mai yawa zai rage jinin da ke cikin ɗakin, nifedifin zai saki jijiyoyi, digozin zai ƙara matsa, kuma dukkansu suna tsananta toshewar. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, da gudawa da amai, suna yin irin wannan aiki ta hanyar ƙarar da ruwan jiki. Shi ya sa ya kamata mai wannan ciwo ya nemi shawarar likita kan aikin ƙarfi a rana da kuma azumi a lokacin bazara. Wanda likita ya duba ya ɗora shi kan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna kuwa, kada ya daina da kansa.

Abin da kaurin gado ke so shi ne maganin da zai rage saurin zuciya ya ba ta lokacin cika, irin su furofuranolol da bisofurolol, ko berafamil, kuma ba su da tsada sosai. A 2022 Amurka ta amince da sabon magani mai suna mabakamten, wanda ke rage kamun mayosin kai tsaye, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Idan magani ya kasa, akan fere tsokar ta hanyar fiɗa, ko a kashe wani yanki nata da alkohol ta cikin siririn bututu, dabarar da Ulrich Sigwart ya fara a Landan a 1994. Waɗanda ake jin tsoron mutuwar fuju'a gare su kuma akan dasa musu ƙaramar na'ura mai daidaita bugu.

Tsukakken bawul kuwa babu ƙwaya ko saiwa da ke buɗe shi. Idan bakinsa ya gaza murabba'in santimita 1 kuma alamu suka bayyana, sai sauyawa. Tun 1968 Ross da Braunwald suka nuna cewa idan ba a yi aiki ba, matsakaicin abin da ke saura shi ne shekara 5 bayan fara ciwon ƙirji, 3 bayan fara suma, 2 bayan gazawar zuciya. Bawul na ƙarfe yana daɗewa, amma yana tilasta shan maganin tsinka jini na warfarin har ƙarshen rai tare da gwajin jini a kai a kai, kuma warfarin yana da haɗari ga ɗan tayi. Bawul na naman dabba ba ya buƙatar haka, amma yakan lalace cikin shekara 10 zuwa 15, ya fi saurin lalacewa a jikin matasa. A 2002 Alain Cribier ya dasa bawul ɗin awota na farko ta cikin jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba a birnin Ruwan na Faransa. A Nijeriya an fara fiɗar zuciya a Inugu a 1974, amma har yau cibiyoyin da ke yin ta kaɗan ne, kuɗinta kuma miliyoyi ne.

Daga ji zuwa gani

Abin sauraron ƙirji da René Laennec ya ƙirƙiro a Faris a 1816 ya yi wa likitanci hidima ta shekara 200. Amma a 1953 Inge Edler da Hellmuth Hertz a ƙasar Suwidin suka fara duba zuciya da sautin da kunne ba ya ji, wanda ke dawowa kamar amsa-kuwwa a mayar da shi hoto. Wannan shi ne eko. Da shi ake auna kaurin bango da milimita, a ga bawul yana buɗewa yana rufewa, a auna gudun jini, a gane ko a bakin bawul shingen yake ko a ƙarƙashinsa. Ba ya ciwo, ba ya amfani da hasken da ke cutarwa. Ƙa'idarsa ɗaya da ta sikanin da ake yi wa masu juna biyu, abin da ya bambanta shi ne kan na'urar da kuma horon mai riƙe da ita.

Wani bincike da aka buga a 2007 kan 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya ya nuna eko yana gano masu ciwon bawul na rumatik kusan ninki goma na waɗanda sauraro ke ganowa. Tun wajen 2010 kuma ake ƙera ƙananan na'urorin eko masu aiki da batir, wasu ma da wayar hannu ake haɗa su. A Gulu ta ƙasar Uganda an koya wa ma'aikatan jinya duba 'yan makaranta da irin waɗannan na'urori, suka iya gano yawancin masu ciwon.

Shawarar da ke biyo bayan wannan a fili take. Ya kamata kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma irin Illela ya kasance yana da ƙaramar na'urar eko da ta awon lantarkin zuciya, da aƙalla ma'aikata biyu da aka horar, waɗanda za su riƙa aika hotuna ta intanet ga likitocin zuciya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo don su tabbatar. Sai wanda hotonsa ya nuna buƙata ne zai hau mota ya bi ta Gwadabawa da Kware zuwa Sakkwato. Ya kamata kuma a ba kowane majiyyaci kati mai ɗauke da sunan ciwonsa da magungunan da aka hana shi, da Hausa da Ingilishi da Faransanci, domin mutanen Illela da na Ƙonni dangi ne, suna neman magani a ɓangarorin biyu. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mai kati a hannu zai iya ci gaba da maganinsa a duk ɓangaren da rufewa ta same shi.

Hujjar masu ja

Wani zai ce, mene ne amfanin gano ciwon da ba a da kuɗin aikinsa, a yankin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa ba su ƙare ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne cewa yawancin waɗanda za a gano da tsukakken bawul ba za su sami fiɗa da wuri ba.

Amma ba kowane mai haki ne ke buƙatar fiɗa ba. Mai kaurin hawan jini magani da rage gishiri da kanwa yake buƙata. Mai kaurin gado sau da yawa ƙwaya ɗaya mai araha da guje wa ƙwayoyi uku masu cutarwa sun ishe shi, kuma gano shi yana buɗe ƙofar duba iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa. Yaron da aka gano da ciwon rumatik tun bai yi nisa ba, allurar penisilin duk mako uku zuwa huɗu tana tsayar da shi. Gwajin da aka yi a Uganda, wanda sakamakonsa ya fito a 2021, ya nuna cewa cikin shekara biyu ciwon ya ci gaba a ƙasa da yaro 1 cikin ɗari na waɗanda ake yi wa allurar, alhali ya ci gaba a 8 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ba. Yarinyar da aka san bawul ɗinta ya tsuke kuma za a shirya mata goyon ciki da haihuwa a asibitin da ya dace. Ko wanda fiɗa ta zame masa dole, sanin haka da wuri yana ba danginsa lokacin neman taimako, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: na'ura a hannun wanda bai ƙware ba tana iya lanƙaya wa lafiyayye ciwo. Zuciyar ɗan wasa ko ɗan kokawa takan ɗan yi kauri na lafiya, kuma in aka kira wannan ciwo za a hana yaro wasa, a jefa iyayensa cikin zullumi, wataƙila ma maganar ta shafi aurensa. Wannan haɗari na gaske ne. Maganinsa shi ne a tsaya kan ƙa'ida cewa ma'aikacin gari yana tacewa ne kawai, hukunci na likitan zuciya ne, kuma sakamako sirri ne tsakanin asibiti da iyali.

Kason makaranta

Na'ura ba ta da amfani idan masu buƙatarta ba su iso gare ta ba, kuma a nan malamai suka shigo. Malamin da ke tare da ɗalibi kwana biyar a mako ya fi likita damar lura da shi. Ɗalibin da ya suma yana tsakiyar gudu ko ƙwallo, ko yake kama ƙirji idan ya motsa, ko hakinsa ya fi na tsaransa nesa ba kusa ba, asibiti ya kamata a tura shi. Kada a kira shi rago, kada a sa shi tsallen kwaɗo, kada kuma a tsaya ga cewa iska ce ta taɓa shi. Wanda ke ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ba tare da mura ko tari ba, a tura shi a duba shi, in an rubuta masa penisilin na sha ya cika kwana 10 ko da ya ji sauƙi. Wanda aka gano da ciwo kuma ba a raba shi da motsa jiki gaba ɗaya, likita ne zai faɗi gwargwadon abin da ya dace da shi.

Malamin bayoloji yana da wata dama ta musamman. Idan ya zo darasin gado, zai iya sa kowane ɗalibi ya zana bishiyar danginsa zuwa kakanni, ya tambayi manya ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a bai kai shekara 50 ba, ko a gona ko a barci ko a ruwa. Amsar ta tsaya tsakanin ɗalibi da iyayensa da ma'aikacin lafiya, ba a karanta ta a gaban aji. Haka kuma ya kyautu kowane ɗalibin babbar sakandare ya iya auna hawan jini, ya kuma iya danna ƙirjin wanda ya faɗi ba ya numfashi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso.

Kammalawa

A watan Mayu na 2018 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, ciki har da Nijeriya da Nijar, sun amince da ƙudurin yaƙi da zazzaɓin rumatik da ciwon zuciyar da yake haifarwa. Cika wannan alkawari yana farawa ne daga penisilin mai inganci a ƙananan asibitoci da na'urar eko a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, kuma wannan na'ura ɗaya ita ce za ta raba mai kaurin gado da mai tsukakken bawul da mai sakakkiyar zuciya. Hakkin saye da horarwa yana wuyan Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomi, hakkin tabbatar da hotuna yana wuyan jami'a da asibitinta, hakkin lura da turawa kuwa yana wuyan malamai da iyaye. Kafin a kai ga haka, mai haki ko ciwon ƙirji ko suma ya daure ya nemi a duba zuciyarsa da eko kafin ya fara shan maganin da aka rubuta wa wani.